Wa Zai Zana Mana Iyayenmu Mata Yadda Suke?

Duk mai riƙe da babbar waya ya sha cin karo da hotunan nan da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp, a rubuta a ƙarƙashinsu wai "Bahaushiyar da", ko "Sarauniya Amina", ko "Daurama". Na'ura ce ke haɗa su, wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Sai ka ga mace fara sol, hanci har baka, gashi ya zubo gadon baya, ta sha gwal tun daga goshi har yatsun ƙafa, a bayanta ga wani gini mai ƙubba wanda ba a taɓa yin irinsa a ƙasar Hausa ba. Jama'a kuwa sai yabo: Masha Allah, ga asali, ga tushe. Ni dai duk sa'ad da na gani raina ɓaci yake yi, domin a hannun matan da ake cewa an zana na tashi, kuma ba su ba ne. Ko kama ba su yi ba.

Ban ga laifin yaran da ke tura hotunan ba. Suna so su ga kakanninsu da ido, kuma ba wanda ya ajiye masu abin da za su gani. Abin da nake so in faɗa a wannan shafi shi ne aikin nan namu ne, kuma kayan yinsa suna hannunmu. Waƙoƙinmu sun riƙe sunayen matan da halayensu. Tsofaffin da suka ga adon da idonsu ba su ƙare ba tukuna. Yara masu hannun zane kuma sun cika gari. Saura kawai a zaunar da su wuri ɗaya tun tsofaffin suna da rai.

A Kurfi aka haife ni. Wurin kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, aka kai ni yaye, na kuma zauna a ɗakinta har na yi wayo. Tana da wani adudu a ƙarshen gado wanda ba mai taɓa shi sai ita, kuma ba a buɗe shi sai ranar Sallah ko ranar kai amarya. A ciki akwai zanenta saƙi, saƙar hannu, sirara-siraran ƙyallaye da aka ɗinke gefe da gefe, baƙi da fari sun shiga juna ƙanana-ƙanana kamar jikin zabuwa. Akwai wani baƙin mayafi da ya ƙoshi da shuni, aka kai shi mabuga aka buge shi har yana ɗaukar ido. In ta yafa shi, kafin la'asar wuyanta da kafaɗunta sun yi shuɗi-shuɗi, kuma ba ta gogewa, don shi ne shaidar cewa zanen na gaske ne. Akwai tandun kwalli na fata, da murjani ƙulle a tsumma, da mundayen azurfa masu nauyi. Ana saura kwana biyu biki za a daka lalle a kwaɓa, a ƙunsa mata ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuwa ta zura shi cikin zunguru ta kwana da shi haka. Da safe in ta zare, hannun ya rine tun daga farce har wuyan hannu, ja mai duhu, babu fulawa babu zane-zane irin na yanzu. Sai kitso. Doka ake yi mata, a tayar da ita a tsakar kai, a shafe da man shanu da shuni. Sannan ta ɗauki fure ta goge haƙora, ta bi da goro, har su yi jawur. 'Yar yau in ta ga jajayen haƙora sai ta kawar da kai. A wurin su Iya kuwa, macen da ta fita biki da fararen haƙora ba ta gama shiri ba.

Baƙa ce, gajera, mai tsage a kumatu. In ta fito cikin wannan shiga za ta ratsa zaure, mazan da ke zaune kan tattara ƙafafunsu su sunkuyar da kai. Babu hotonta ko ɗaya. Mai hoto ya taɓa zuwa gidan, ta ce ita ba za ta tsaya gaban baƙon namiji ya ƙare mata kallo ba. Da ta rasu aka raba kayan adudun. Saƙin ya ƙare a shimfiɗar jarirai, mundayen aka kai wa maƙeri. Yau in jikata ta ce in nuna mata Iya, sai dai in yi ta kwatance da baki, ita kuma ta buɗe waya ta nuno mini waccan farar mai gwal ta ce, "Hajiya, kamar wannan?"

Abin da ya sa na fara ganin akwai mafita wata hira ce da muka yi da wani abokin aikina, malamin Faransanci, mutumin Maraɗi, lokacin muna koyarwa a makaranta ɗaya a nan Dutsin-Ma. Shi ya ba ni labarin wani mawaƙin Faransa, François Villon, wanda aka haifa a 1431. Mutum ne da ya sha shiga kurkuku, har aka yanke masa hukuncin rataya, daga baya aka sassauta aka kore shi daga birnin Faris a 1463, ba a kuma ƙara jin ɗuriyarsa ba. A cikin doguwar wasiyyar da ya rubuta cikin waƙa a 1461 ya bar wata 'yar gajeriyar waƙa a kan matan zamanin da. Sunayensu ya jero, kyawawa da masu ilmi da sarauniyoyi, yana tambayar inda suka shiga. Cikinsu akwai Héloïse, mace mai ilmi ta ƙarni na 12, da Jeanne d'Arc, yarinyar ƙauyen da ta ja rundunar Faransa, aka ƙone ta a Rouen a hannun Turawan Ingila a shekarar da aka haifi mawaƙin. Waƙar ba ta mutu ba. Dante Gabriel Rossetti na Ingila, wanda shi kansa mai zane ne kuma mawaƙi, ya juya ta zuwa Turanci a ƙarni na 19, Georges Brassens kuma ya sa mata kiɗa a shekarun 1950.

A Turai al'ada ce mawaƙi ya miƙa wa mai zane suna, mai zane ya ba sunan jiki da tufafi. Alain Chartier ya yi waƙa a 1424 a kan wata kyakkyawa da ta ƙi sauraron mai sonta. John Keats na Ingila ya ari sunan waƙar ya yi tasa a 1819, John William Waterhouse kuma ya zana matar a 1893. Kusan shekara 470 ke nan suna ɗaya yana tafiya daga alƙalamin wannan zuwa na wancan, har ya kai ga fenti.

Ba cewa nake mu kwaikwayi zanen nasu ba. Da yawansu mafarkin maza ne kawai, wasu ma mai kunya ba zai iya tsayawa kallonsu ba, kuma su ma sun yi irin ƙaryar da nake kuka da ita, sun sa wa matan da tufafin da ba nasu ba. Wanda ya zauna mini a rai shi ne na Jules Bastien-Lepage. Daga zamanin Jeanne d'Arc ba abin da ya rage na kamanninta sai wani ɗan zane da wani magatakarda a Faris ya yi a gefen littafin rajista a 1429, shi ma bai taɓa ganinta ba. Masu zanen baya suka yi ta lulluɓe ta da sulke mai walƙiya. Bastien-Lepage kuwa ɗan yankinsu ne, Lorraine, a ƙauye ya tashi cikin manoma. Da ya tashi zana ta a 1879 sai ya tsayar da ita a lambun bayan gida cikin tufafin 'yar ƙauye, ga abin naɗin zarenta ta bari a baya, ga kujerarta a kife. Ya san irin kayan da 'yan matan yankin ke sawa da irin itatuwan da ke bayan gidajensu, domin a cikinsu ya girma. Zanen yana nan a babban gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a Amurka. Darasin da na ɗauka ke nan: ɗan gida ne ya zana ta daidai da gidansu.

Da malamin ya gama ba ni labarin Villon na ce masa, "Malam, ai mu ma muna da irinta, kuma mace ce ta yi." Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙar da ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka wajen 1837. Ita ma sunaye ta jero: matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta gangaro har kan matan da ta yi zama da su a jama'ar Shehu. Ita ba ta tambayi inda suka tafi ba, don ta san inda suka tafi. Halinsu take nuna wa na baya. Ta yi marsiyya ga aminiyarta A'isha, da maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa, da Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Jaji su ne shugabannin 'yan taru, matan da kan taso daga ƙauyuka su je wurinta ɗaukar karatu su koma su koyar. In ta naɗa jaji sai ta ba ta malfa, a naɗe malfar da jan rawani. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru a Sakkwato tana bin sawun wannan tarihi, ta fitar da littafinta a kan Asma'u a 1989, kuma ta tarar 'yan taru suna nan ba su ɓace ba.

Ku tsaya ku hango abin: ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata a kan turba, jaji a gaba da malfarta da jan rawani, na baya ɗauke da hatsi da zuma da man shanu na sadaka. Wane mai zane ne zai ce ya rasa abin zanawa? Makarantun da aka sa wa sunan Nana Asma'u suna da yawa a Arewa, amma ni dai ban taɓa shiga wadda na ga wannan ayari a bangonta ba.

Wannan a rubutacciyar waƙa ke nan. Ta baka kuwa ba a magana. Mamman Shata, ɗan Musawa nan kusa da mu, ya rasu a 1999 ya bar waƙoƙin mata da dama, tun daga 'ya'yan sarauta irin Kilishi jikar Dikko har masu sana'a irin Hauwa mai tuwo. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ƙare rayuwarta a gaban ƙwaryar amada tana waƙe matan cikin gida da sana'o'insu da kishinsu da haihuwarsu. Bayan su akwai waƙoƙin da ba a san mai su ba: na daka da niƙa, na reno, na gaɗa a dandali, na ranar kamu da ranar kai amarya. A cikin waɗannan ne sunayen zannuwa da kitso da kayan ɗaki suke kwance. Na sha jin yarinya na rera waƙar gaɗa tana ambaton wani zane ko wani abin wuya, in aka tambaye ta mene ne shi sai ta ɗaga kafaɗa. Uwarta ma ba ta sani ba. Kakarta ce ta sani, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Tsofaffin hotunan da muke da su kusan duk baƙi ne suka yi, kuma abin da ya dame su suka ɗauka. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya ratsa ta Kuraye da Kurfi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Abin da ya ɗauki hankalinsa a garinmu Kurfi shi ne duwatsu da ganuwa da ramukan tsaro. Hotunan da ke cikin littattafansa ma wani mai zane ne a Jamus ya ƙarasa su daga ɗan abin da Barth ya zayyana. Bayan shi sai masu kyamara na zamanin mulkin mallaka, irin su Edmond Fortier na Dakar, wanda a farkon ƙarni na 20 ya buga dubban katunan hoto na Afirka ta Yamma, da yawansu na 'yan mata ne da aka tsayar ba sutura don masu saye a Turai. Wannan cin mutunci ne, kuma har yau ana sayar da katunan.

Da aka sami 'yancin kai sai aka koma ga sarauniyoyi. An buga hoton Amina ta Zazzau a jikin kan sarki na gidan waya a 1975, an kafa mutum-mutuminta a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas, an yi mata fim da Turanci wanda ya fito a Netflix a 2021. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi da Faransanci a 1980 a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Ina jinjina wa waɗannan ayyuka, sun hana sunayen nan mutuwa. Amma ku lura, duka mata ne masu takobi da kwari da baka. Shin sai mace ta yi yaƙi ta cancanci a zana ta? Ina mai kaɗi, ina ungozoma, ina mai kitso, ina malamar da ta koya wa 'yan matan unguwa Alƙur'ani a tsakar gida? Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Ta bar mana bayanin aure da suna da ƙawance da goyon ciki dalla-dalla. Littafin nan kaɗai ya isa mai zane ya yi shekaru yana aiki.

Sannan ita "Bahaushiyar da" ɗin nan ba mace ɗaya ba ce. Wanda ya san kasuwar Dutsin-Ma a da ya san daga nesa ake bambanta Bafulatana mai tallan nono, da kitsonta da aka jera wa tagulla da tsabar azurfa, daga Bamaguzar da ta ɗauko kaya a kafaɗa, daga 'yar tallar cikin gari mai jigida da katambiri a fuska. Matar hakimi da matar malam da matar maƙeri ba shiga ɗaya suke yi ba. Tsagen Bakatsina daban, na Bagobira daban. Na'urar da ke haɗa hotunan nan ba ta san ko ɗaya ba, sai ta narke su duka ta fitar da mace guda wadda ba 'yar kowa ba ce.

Na san abin da wasu masu karatu ke riƙe da shi tun daga farkon wannan rubutu, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu suranta abu mai rai ingantattu ne, ba a wasa da su. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. Fatawa tasu ce, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da zan ce shi ne ko mai bin ra'ayi mai tsanani yana da sauran fili. Fuskar Iya tana nan a jikokinta. Abin da ke ɓacewa shi ne ɗaurin zane, da zaman mayafi a kafaɗa, da tashin doka, da launin lalle, da jeren ɗaki. Ana iya zana hannu a bakin zunguru. Ana iya zana yatsun mai kaɗi da allinsu, mazari na juyawa, auduga a taskira. Ana iya zana ɗakin amarya ba kowa a ciki, ƙore da faya-fayi da tasoshi jere har sama, wanda ya san gidan ya gani ya ce wannan ɗakin wance ne. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, hoton mace ya riga ya cika mana gari. Yana bangon littattafan soyayya na kasuwa, yana jikin kwalin man shafawa, yana bayan naira goma inda matan Fulani biyu ke ɗauke da ƙoren nono, yana bayan naira ashirin inda Ladi Kwali ke ginin tukunya. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne wace mace 'ya'yanmu za su gani, kuma wa zai nuna masu ita.

Sharaɗi ɗaya nake da shi ga duk wanda zai ɗauki wannan aiki: kada ya yi wa matattu ƙarya, ko ta wace fuska. Kada ya haskaka masu fata. Kada ya share tsage don yanzu an daina. Kada ya ɗora wa matar 1940 leshi da gwaggwaron yau. Kada kuma ya zura mata dogon hijabi har ƙasa don ya faranta wa wani rai. Hijabin da muke sawa yau, muke kuma alfahari da shi, sai wajen shekarun 1980 ya bazu a garuruwanmu. Kafin nan mayafi ne da lulluɓi, kuma matan da suka lulluɓa da saƙi sun yi sallah sun yi azumi, wasunsu sun tafi Makka a ƙasa ta Sudan. Haka nan kada ya bi sawun Fortier ya fake da cewa ai tarihi ne. Matar da ke ɗaurin ƙirji a tsakar gidanta ba don idon duniya ta yi ba. A zana ta yadda ita da kanta za ta yarda a gan ta, cikin shigar Sallah, ko a kan sana'arta da mayafinta. In an gama a kai zanen gaban tsohuwar da ta ga zamanin. In ta ce, "Wallahi kamar wance," aiki ya yi. In ta yi shiru ta kawar da kai, a koma a sake.

Masu hannu kuwa muna da su. Akwai wani yaro a hanyar tasha a nan Dutsin-Ma da ke rubuta allunan shaguna, yana zana kawuna a bangon masu aski, da zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Na taɓa kai masa wani guntun saƙi da na samu wurin gwaggona na ce ya zana mini mace ta yafa shi. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Mama, wannan daga wace ƙasa ake kawo shi?" Na ce masa a ƙasar nan aka noma audugar, aka kaɗa, aka rina, aka saƙa. Bai ce komai ba, ya ɗauki fensir. Zubin ƙyallen ya fito daidai har kana jin kaurinsa, amma yafin na 'yan fim ne, don shi ya sani. Sai na kai shi zauren gwaggon tawa, ta sa aka kira wata 'yar jikarta ta yafa mata ya gani. Yana zane tana leƙowa tana gyara masa: "A'a ɗan nan, ba haka bakin zane ke faɗuwa ba, sassauta shi." Kafin magariba ya gyara, tsohuwar ta riƙe takardar ta ƙi ba mu.

Baiwa yana da ita, nuna masa ne ba a taɓa yi ba. Abin nunawar kuma bai ƙare ba: karofin Ƙofar Mata na nan a Kano, a Kura har yau ana rina baƙin ƙyallen nan mai walƙiya da Buzaye ke saye. Zariya ma ba nisa. Tun 1958 ɗaliban zane a can, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su koyi dabarar Turawa amma abin gidajensu za su zana. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya yi ta zana matan Yarabawa da ɗaurin kansu cikin shuɗin launi har duniya ta san su. A ƙasar Hausa suka koyi wannan, suka tafi da shi gida. Mu da aka yi abin a ƙofar gidanmu, me muka zana?

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne lokaci. Yadin Turawa ya daɗe yana shigowa, amma daga sa'ad da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 yadin inji ya yi araha ya ture saƙar hannu gefe. Matan da aka kai ɗakin miji da saƙi a lefe yanzu duk sun tsufa tukuf, kuma kullum binne su muke yi. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta tashi ƙauyuka a Safana da Batsari da Ɗanmusa da wasu sassan Kurfi da Dutsin-Ma. Wadda ta gudu cikin dare da jika a baya ba ta tsayawa ɗaukar adudu. Tsofaffin da suka fi kowa sanin waɗannan abubuwa da yawansu yanzu suna ɗakunan aro a cikin gari, ba su da komai sai abin da ke kansu. Abin da ya tsira daga wuta kuma 'yan gwangwan na bi gida-gida suna saye a kilo: tasoshin tagulla, mundaye, gadajen ƙarfe. Babu ce ke sa a sayar, ban zargi kowa ba.

Wani zai ce ana fama da tsaro da yunwa, wa ke ta zane? Na yarda zane ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Amma na zauna da waɗannan tsofaffi, na ga yadda fuskar mace ke sakewa in aka tambaye ta yadda aka yi bikinta, bayan ta yi wata da watanni ba a tambaye ta komai ba sai sunanta a layin rabon tallafi. Kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba: takarda, fenti, waya mai ɗaukar murya, da ɗan goron tsofaffi.

Don haka ina kira ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda tun 2011 take cikinmu. Ku haɗa ɗaliban Hausa da na tarihi da duk yaron da ke da hannun zane, na makaranta da na bakin tasha, ku tura su unguwa-unguwa, mata su shiga ciki, maza su tsaya a zaure. A ɗauki waƙa guda, a nemo tsohuwar da ta san abin da waƙar ke ambata, a zana, a rubuta sunan kowane zane da kitso da abin wuya a ƙasa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta ba su bangon da za su rataye, haka ma gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Iyayenmu Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, Allah ya ja zamaninku, in kuka sa baki, ƙofofin da ba za su buɗe wa ɗalibi ba za su buɗe.

Ke kuma 'yar'uwa mai karanta wannan, in akwai tsohuwa a gidanku kada ki jira jami'a. Ki same ta bayan la'asar, ki roƙe ta ta buɗe miki akwatinta, ta faɗa miki sunan kowane abu, da wanda ya saya mata, da waƙar da aka yi ranar da ta fara sa shi. Ki ɗauki muryarta, ki ɗauki hoton kayan. In ɗan gwangwan ya yi sallama kuma, ki ce masa ba na sayarwa ba ne.